Mijinyawa da Hoton Rana

Duk wanda ya girma a Bodinga kafin zuwan wayar hannu, da wuya a ce bai taɓa zama a kujerar Mijinyawa mai hoto ba. Shagonsa na nan kusa da tasha, ɗaki ɗaya da ƙuryarsa, an rataye ƙyalle a bango mai zanen bene da jirgin sama yana wucewa ta kansa. A gaban benen nan amare suka tsaya, da maniyyata, da 'yan makaranta masu shirin jarrabawa, da manoman albasa na Danchadi da suka sayar da kaya suka ɗinka sabuwar riga suna so duniya ta shaida. Mijinyawa ba ya wasa da aikinsa. Zai kama haɓar mutum da yatsu biyu ya ɗaga, ya gyara masa hula, ya koma bayan kyamara, ya sake dawowa ya gyara hular. In ka yi murmushi bai ce ka yi ba, sai a sake daga farko. Mutane na ƙorafi, amma gobe su dawo, domin hotonsa ba ya koɗewa.

Asalinsa ɗan Lambara ne, can ƙasar Shagari. Mahaifinsa marini ne mai rijiyoyin rini huɗu a bayan gari, kuma a bakin rijiyoyin nan Mijinyawa ya yi ƙuruciyarsa, yana ɗauko toka, yana dama baba da doguwar sanda, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya tsani warin, ya tsani yadda 'yan mata ke toshe hanci in ya gifta. Yana da shekara goma sha huɗu ya hau motar albasa ya gudu Sakkwato, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai hoto, ya share masa shago shekara biyu kafin a bar shi ya taɓa kyamara. Mahaifinsa bai sake yi masa magana ba sai da manya suka sa baki. Rinin kuwa bai tsaya ya koye shi har ƙarshe ba. Gutsuri-gutsuri ya fita da shi, irin abin da yaro ke tsinta yana zirga-zirgar aike. Rijiyoyin yanzu shara ce cike da su.

Sana'ar da ya gudu dominta ta riƙe shi shekaru, sannan ta sake shi a hankali. Da farko filim ne ya yi wuya, sai maganin wanki ya ɓace daga kantunan Sakkwato, ƙuryar da yake kira ɗakin duhu ta koma ma'ajiyar gero. Ya daure ya sayi kyamarar zamani mai kati, yana ɗauka yana kai wa inji ya tofo. Ita ma ba ta daɗe tana ciyar da shi ba, don kowa ya zama mai hoto da wayar aljihunsa. Shagon ya koma wurin hira da sauraron rediyo. Matarsa Ummukulthum ta rasu shekara uku da suka wuce, sai ƙanwarsa Hajjo, wadda ita ma ta rasa miji, ta dawo gidan tana dafa masa abinci.

Abin da zai ba mutum haushi, ya kuma ba shi tausayi, shi ne a duk shekarun nan Mijinyawa bai taɓa ɗaukar matarsa hoto ba. Ummukulthum ta sha roƙonsa. Kullum amsarsa ɗaya ce: bari Salla ta wuce aiki ya yi sauƙi. Salla ta wuce ta dawo sau talatin. Da ta rasu, hotunanta biyu ne kacal a duniya, duka a wayar 'yarsu Safinatu, wayar kuma aka zare ta daga jaka ranar kasuwar Shagari tun ba a yi arba'in ba. Shi kansa ba shi da hoto in ba na jikin katin zaɓe ba, wanda ya ce ko maƙiyinsa ba zai yi wa irinsa ba.

Ta gefe idon ya fara. Yana tafiya sai ya ci karo da babur a ajiye, ya tsaya yana faɗa wai mutanen yanzu ba su iya ajiye abin hawa ba. Sai da ya tsiyaya shayi a gefen kofi kwana uku a jere, Hajjo ta tsare shi ya je asibitin ido a Sakkwato. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi, na hagu saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Maganin ɗigawa zai jinkirta abin, amma ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Mijinyawa ya tambayi saura wata nawa. Likitan ya ce Allah ne masani, amma in akwai abin da yake son gani, ya gan shi bana.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Shagari da niyyar gaya wa Safinatu. Ita ce 'yarsa ta fari, ita kaɗai kuma ta rayu, tana aure a can tana koyarwa a firamare. Da yake 'yar fari ce, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Tana ƙarama "ke" yake ce mata, da ta fara aiki ya samu sauƙi ya koma ce mata Malama. Suna son juna ƙwarai, amma magana tsakaninsu ba ta da yawa. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta dama fura, suka gaisa suka sake gaisawa. Yana ta juya yadda zai ɗauko zancen idon, sai ta riga shi da nata.

"Baba, shekaranjiya na ruhe ido ina son ganin huskar Inna," ta ce, tana kallon ludayi. "Muryatta nika ji sarai, amma huskar ta ƙi zuwa."

Ba gori ta yi masa ba. Da gori ne ma da ya fi sauƙi, sai ya yi fushi ya huta. Ya ajiye furar. Ya ga abin da ke tafe ƙarara: shi ma wata rana yarinyar nan za ta rufe ido ta neme shi ta rasa, ita da ubanta ne mai hoton Bodinga. Zancen likita bai fito ba ranar.

Da zai tashi, ɗan ganin da ya rage masa ya sauka kan wata takarda liƙe a bangon ɗakinta. Shuɗiya ce mai duhu, a tsakiyarta reshen dogon yaro fari fat, kowane ganye da tsininsa. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bangon. Ya tambayi wa ya wanke wannan.

Safinatu ta ce ita ce. A hutun da ya wuce an tara malaman firamare a Sakkwato, wata mai koyar da zane daga Zariya ta nuna musu. Ruwan magani ne iri biyu, a haɗa su daidai, a shafa a takarda ko ƙyalle cikin inuwa, in ya bushe a ɗora abin da ake so a kai a fitar rana. Inda rana ta taɓa ya koma shuɗi, inda aka rufe ya zauna fari. Ta faɗi sunan abin da Turanci, sayanotaif, ya ce ta riƙe sunanta, shi hoton rana zai ce masa. Ta shiga ta fito da ƙananan kwalabe biyu da matar ta bar mata, kowace ba ta kai rabi ba.

"Ba wuta, ba inji. Rana ka yin aikin," in ji ta.

"Huskar mutum hwa?"

"Ta ce ana yi, in an hiddo hoton bisa leda mai garai-garai. Baba, in hotonka kaka so, ga waya, yanzu sai in ɗauke ka a kai Sakkwato."

"Inji ya toho huskata, ina da hannuna?" Ya sa kwalaben a aljihun riga. "Ni za ni yi maki, Malama. Guda, wanda za ki aje."

Har ya kai zaure ta biyo shi da magana. "Da ruwa zalla anka ce a wanke shi, Baba. Ba a sa mashi komi."

"Tun ba a haihe ki ba nika wanke hoto," ya ce, ya fita.

Ya kwashe geron daga ƙurya, ya toshe taga da tsumma. Bayan sallar asuba yake haɗa maganin, cokali na wannan cokali na wancan, ya shafa da auduga, ya bar takardar ta bushe a duhu. Bazara ce, irin ranar da ke korar awaki ƙarƙashin motocin tasha, don haka haske bai yi masa wuya ba. Da tafin hannunsa ya fara. Ya ɗora shi a takarda ya tsaya cikin rana har bayan hannun ya yi zafi, da ya tsoma a ruwa sai ga farin hannu a cikin shuɗi, yatsun sun ɗan yi hazo saboda rawar da suka yi. Ya daɗe yana kallonsa. Rabonsa da ganin hoto na fitowa cikin ruwa shekara goma sha biyar ke nan, kuma bai san ya yi kewar abin haka ba sai da ya ji ƙwalla.

Daga nan sai ganyen albasa, makullin shago, tabaransa. Ya yi ɓarna ba kaɗan ba. Wata takardar ya ɗauke ta da wuri, ruwa ya wanke komai ya bar masa farar takarda. Wata ya bar ta ta daɗe, ta koma shuɗi gaba ɗaya. Takardar littafin rubutu kuma narkewa take yi a baho kamar tuwon jiya. Agogo ya daina yi masa amfani tunda ba ya ganin allurarsa, sai ya koma auna lokaci da carbi, har ya gane istigfari ɗari bakwai ne daidai in rana ta take tsaka. Farcensa ya rine. Hajjo ta kawo masa abinci ta tsaya tana kallon hannuwan.

"Ka gudu ma marina da ƙuruciya, Yaya, ga ka ka dawo mata da hurhura."

Ya ci gaba da shafa maganinsa. Kullum in ya ɗaga kwalaben ya girgiza a kunne sai ya ji sun ƙara sauƙi, kullum kuma ramin da yake leƙen duniya ta cikinsa yana ƙara tsukewa. Bai san wanne zai riga ƙarewa ba, kuma tsoro ya shige shi sosai.

Ɗaukar hoton kansa ma wani aiki ne. Mutumin da ya gyara wa rabin garin zama, yanzu babu mai gyara masa, kuma girman kai ya hana shi neman wani ya danna. Ya kafa kyamara a ƙafafunta tana fuskantar ƙofar shago, ya jingina filo a kujera ya ɗora masa hula, ya saita a kan filon. In ya danna, daƙiƙa goma gare shi: taku biyar, ya jefar da filo, ya sa hula, ya zauna, ya ɗaga haɓa. Sau da yawa kyamarar na kama shi yana rabin zama, ko ya ba ta baya, ko yana laluben hular a ƙasa. Kwana huɗu ya yi, hoto arba'in da ɗaya. Ba ya iya tantance su a ɗan gilashin kyamarar, dole ya sake hawa mota zuwa Shagari.

A lokacin Hajjo ta riga ta gaya wa Safinatu zancen idon. Ta sani, ya san ta sani, babu wanda ya ɗauko maganar. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta wuce duk waɗanda ya zauna cak kamar mai neman aikin ɗan sanda, ta tsaya a kan wani. A cikinsa ya zaci kyamarar ta riga ta ɗauka, ya sauke kafaɗu ya juya wajen hanya. Rabin fuskarsa na cikin haske, rabi ya nutse a duhun ƙofa. Ta kwatanta masa.

"Wanga ai ɓatacce na," ya ce. "Haɓa ƙasa, hula karkace."

"Shi nika so. Haka kaka zama in ba ka san ana dibinka ba."

Ya so ya yi gardama, sai ya tuna ba don kansa yake yi ba. A wani shagon kwamfuta a Sakkwato aka fitar masa da shi a kan leda mai faɗin faranti, an juya shi, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi.

Takarda ba ta kwanta masa ba. Ya san abin da gara ke yi mata a damina. Ya yanke shawarar ƙyalle, wanda za a ninke a sa a adaka. Ranar kasuwar Bodinga ya je rumfar Bala mai yadi ya ce a yanko masa farin alawayyo, irin na likkafani, yadi ɗaya. Bala ya ajiye almakashi ya yi salati.

"Wa munka rasa? Jinjiri na?"

"Ba kowa. Nawa na, kuma ban mutu ba tukun."

Bala ya yi dariya, amma ta ƙi zama dariya sosai, don ya ga yadda Mijinyawa ke laluben bakin teburin.

Ya raba yadin gida huɗu. Ƙyalle ya fi takarda shan magani, abin da bai lissafa ba ke nan. Na farko ya yi dabbare-dabbare. Na biyu iska ta ɗaga ledar, fuskar ta fito da hanci biyu, sai ya ciro gilashin akwatin da yake baje hotunan samfuri a ƙofar shago ya riƙa dannewa da shi. Na uku hadarin farko na shekara ya taso ana tsakiyar aiki, hoton ya fito fari-fari kamar an zana da alli. Da ya kifa kwalaben a kan na huɗu, sai da ya jira ɗigon ƙarshe ya sauko. Ya bar ƙyallen a ƙurya kwana biyu yana jiran sama ta washe.

Ranar Talata rana ta fito fes. A tsakar gida ya yi, don kada masu wucewa su dame shi. Ya shimfiɗa ƙyallen a katako, ya ɗora leda, ya danne da gilashi, ya zauna a gefe cikin rana da carbinsa. Bai yi sauri ba, bai kuma tsallake ko ɗaya ba. Da ɗari bakwai suka cika ya kai ƙyallen inuwa ya tsoma a bahon roba, yana motsa ruwan da tafin hannu kamar yadda Bayaraben nan ya koya masa. Ya zubar ya sake, ya zubar ya sake.

Ya fito. Ba ya iya ganinsa gaba ɗaya lokaci guda, sai ya riƙa yawo da kansa a kai: ga hular a karkace, ga ido ɗaya yana kallon hanya, ga gemun fari tas, ga inda kafaɗa ta narke cikin shuɗin ƙofa har ba a san inda mutum ya ƙare ba. Bai san bakinsa ya sauka haka ba. Ya ga tsoho mai gajiya, kuma ya yarda Malama ta fi shi ido, domin a hotuna dubu nawa da ya ɗauka babu wanda ya kai wannan. Ya kira Hajjo. Ta sunkuya a kan bahon ta riƙe baki.

"Wallahi kai na, Yaya. Har da ɓacin ran."

Ya yi dariya har da tari. Daɗin da ya ji ranar ba ƙarami ba ne, sai dai bai kai awa ɗaya ba.

Da ya ɗaga ƙyallen, ya lura ruwan da ke ɗiga yana da ɗan launi. Ragowar magani ne kawai, da ya ƙara ɗauraya sau biyu da ya tsaya. Amma shi zuba ya gani, kuma ɗan marini in ya ga shuɗi na zuba hankalinsa ba ya kwanciya. Wannan abu shekara arba'in ake so ya yi a adaka. Ya ce da Hajjo anya zai zauna kuwa.

"Ni dai ban taɓa ganin Baba ya yi shuɗi ba toka ba," ta ce.

Shi ma bai taɓa gani ba. Kansa ya ɗauki toka kwando nawa zuwa bakin rijiyoyin nan? Abin da su biyun suka manta, ko ba su taɓa sani ba, shi ne tokar mahaifinsu cikin rijiya take shiga tun kafin a tsoma zane, kuma wancan shuɗin na ganyen baba ne, wannan na kwalba. Maganar Malama ta ruwa zalla ta faɗo masa, ya ture ta. Me matar Zariya ta sani game da shuɗi da 'ya'yan marinin Lambara ba su sani ba? Hajjo na da ruwan toka da ta tace don miya, mai ƙarfi, na karan gero. Ta juye shi duka a bahon. Ya kwantar da ƙyallen a ciki da hannu biyu. Aka kira azahar, ya ce bari ya sha sosai, ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci.

Da ya dawo ya tarar da Hajjo tsaye a kan bahon, hannuwanta a ka. Ya tsuguna ya ciro ƙyallen ya kai shi daf da idon hagu. Ya juya shi, ya sake juyawa. Babu hula, babu gemu, babu ƙofa. Ƙyalle ne ruwan ɗorawa, da ɗan tabo mai duhu-duhu a tsakiya kamar inda miya ta zuba aka wanke. Ya ɗauraye shi sau bakwai. Ya shanya shi a rana, ya mayar inuwa. Ya zuba ruwa a kwalaben ya girgiza ya shafa a ɗan guntun da ya rage, bai ba da komai ba. Hajjo na kuka tana cewa ita ta jawo. Ya ce ta yi shiru, hannunsa ne ya tsoma.

"Kar ki hwaɗa ma Malama," ya ce.

Nan ne Mijinyawa ya fi ba mutum haushi. Kuskuren toka kowa na iya yi. Amma ya buɗe baki ya ce wa 'yar fari ta faɗa masa gaskiya ya ƙi ji, wannan ya fi ƙarfinsa. In ta kira Hajjo a waya ta ce a ba ta Baba, ta tambayi hoto, sai ya ce ana nan ana yi. Da damina ta kankama ya samu abin fakewa: rana ta yi ƙaranci, sai sama ta washe. Ita kuma kunya ta hana ta matsa masa. Hajjo ta ninke ƙyallen ta sa a ƙasan adakarsa, don ita ba ta yar da komai. Ya daina zuwa shago. Ya rame, ya rage magana, yana zama a bakin ɗaki yana ɗiga maganin da ya san ba ya tsayar da komai. Wata biyar aka yi haka. Ana cikin yankan gero, wata safiya ya tambayi Hajjo ko gari ya waye, alhali ta gama shara rana ta hau katanga.

Safinatu ta zo ranar Juma'a da niyyar mayar da shi asibiti, ko da abin da za a iya. Tana neman katinsa a adaka ta ci karo da ƙyallen. Hajjo ba ta iya riƙewa ba, ta faɗa mata komai a madafa, da ƙaramar murya. Safinatu ta ɗauki wayarta. Ta fita zaure, ta nemo lambar matar Zariya, ta kira ta don ta tambayi inda ake samun wasu kwalaben. Da matar ta ji labarin sai ta ce ai hoton bai tafi ba, yana nan kwance a cikin zaren. Wasu ma da gangan suke koɗar da shi haka. A dafa shayi mai kauri, ba sukari, a bar shi ya huce, a jiƙa ƙyallen a ciki.

Ta sayo ganyen shayi wurin mai shayin tasha, ta dafa a tukunyar tuwo har ya yi baƙi. A bahon nan dai ta zuba. Mijinyawa na zaune a bakin ɗaki, yana jin motsin ruwa da ƙamshin shayi, ya tambayi ko baƙi aka yi. Safinatu dai ta tsoma ƙyallen a cikin shayin, ta zauna tana jira. An ɗauki kamar rabin awa, sai ya ji Hajjo ta yi salati, ya ji numfashin 'yarsa ya sauya.

"Baba," ta ce. "Ya dawo."

"Mi ya dawo?"

"Hoton. Ga hula, ga gemu, ga ƙohwa. Duka."

Ya juya fuskarsa wajen bahon. Sannan ya miƙa hannuwa, Safinatu ta ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyallen. Ya shafa shi daga sama har ƙasa. Laushinsa ɗaya da kowane ƙyalle. Ya kai shi daf da idon hagu kamar yadda ya saba, ya juya kai dama da hagu.

"Shuɗi na?"

"A'a, Baba. Ruwan ƙasa."

"Da shayi kaɗai?"

"Da shayi kaɗai."

"In da tun ran nan anka sa hwa?"

Safinatu ta dubi gwaggonta. Ta so ta yi masa ƙarya, ba ta iya ba.

"Ta ce ko ran nan na, da ya dawo."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ruwan shayin na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a rigarsa, bai kula ba. Ya riƙe ƙyallen a cinya wani ɗan lokaci, fuskar hoton na kallon ƙasa, ba wadda ta iya ce masa ya juya shi. Daga baya ya miƙa shi ta inda ya ji kukanta.

"Ki ɗauraye shi, Malama, ki shanya inuwa. In ya bushe ki tahi da abinki."